Jiran Hudar Mangwaro a Lambunan Sharaɗa da Chalawa

Ya kai mai lambu, idan watan Disamba ya raba, hazo ya rufe gari, ƙafa ta fara kaushi, to lokacin ɗaga kai sama ya zo. Duk mai bishiyar mangwaro a lambunsa, tun daga Sharaɗa da Ja'en da Sabuwar Gandu har Fanshekara da Kumbotso, ido yake zubawa a kan rassa ya ga ko huda ta fito. Abin jira ne kuwa, don kuɗin da za ka kama a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a watan Afrilu ko Mayu, a cikin waɗannan makonni na sanyi ake yanke shi. Bishiyar da ba ta yi huda da hunturu ba, sai kuma baɗi, in Allah ya kai mu.

Kowace shekara malaman gona suna jin kuka iri ɗaya: "Bishiyata ga ta nan kore shar, ban rage ta da ruwa ba, ban rage ta da taki ba, amma ta maƙwabcina da ko kallonta ba ya yi ta cika da fure, tawa kuwa sai jan ganye." Wannan takarda za ta bayyana dalili. A taƙaice, mangwaro yana bukatar hutu kafin ya yi huda, kuma yawancin masu lambu da hannunsu suke hana shi wannan hutun.

Abin da ke sa mangwaro huda

A ƙarshen kowane reshe akwai ido. Wannan ido abu biyu yake iya zama: ko ya buɗe ya ba da sabon toho, wato jajayen ganyen nan masu laushi da ke rataye kamar tsumma, ko kuma ya ba da zangarniyar fure. Ba ya yin duka biyu a cikakke. Abin da yake tarar wa a ranar da ya farka shi ke raba gardama. In ya farka cikin zafi da danshi, ganye zai yi. In ya farka cikin sanyin dare, fure zai yi.

Sanyin da ake bukata ba wani mai tsanani ba ne. Daren da ma'auni ya sauko wajen digiri 15 na Salshiyas, ya kuma jera haka har makonni, ya wadatar. A Kano muna samun irin wannan dare a Disamba da Janairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta kawo mana. Ka ga ke nan ɗarin da ke hana ka fita lambu da asuba shi ne yake yi maka aiki a kan bishiya. Shi ya sa tsofaffi kan ce shekarar da aka sha sanyi za a sha mangwaro, kuma maganarsu tana kan hanya.

Sai dai sanyi kaɗai bai isa ba, dole reshen ya ƙosa. Reshen da ya yi toho a watan Nuwamba yaro ne, ko an yi ɗari mai fasa dutse da wuya ya yi huda a Janairu. Ana son ganyen ƙarshe na reshe ya yi wata huɗu ko biyar yana zaune bai motsa ba. Wato tohon Yuli da Agusta shi ne mai ba da furen Janairu. Kana iya gwadawa da hannunka. Tsinki ganye ɗaya daga bakin reshe ka murje shi a tafin hannu. In kore ne mai duhu, ya yi ƙaras-ƙaras ya kakkarye, reshen ya isa. In ya lanƙwashe kamar fata bai yi ƙara ba, da saura.

Yadda lambu ke ruɗa bishiya

Nan ne matsalar mutanenmu take, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

Mangwaron da ke tsaye a bakin hanya ko a tsohuwar gona, da damina ta ɗauke a farkon Oktoba shi ke nan ya rabu da ruwa. Ƙasa ta bushe, bishiya ta daina toho, ta yi tsit wata biyu ko uku. Da sanyi ya sauka, idanunta duk sun ƙosa, sai ka wayi gari ta yi fari fat da fure. Ba wanda ya yi mata komai.

Na cikin lambu fa? Daidai lokacin da ya kamata ya huta, lokacin ne mai lambu ke tayar da fangali. An dasa tumatir da albasa da latas da kabeji har gindin bishiya, inji yana ta zuba ruwa bayan kwana uku-uku, ana barbaɗa yuriya don ganye ya yi kyau. Saiwar mangwaro kuwa ba a gindi kaɗai take ba, ta bazu har ta wuce inda inuwarsa ta tsaya. Duk abin da ka ba latas, shi ma ya sha. Bishiya sai ta ɗauka damina ce ba ta ƙare ba, ta yi ta fitar da toho a Nuwamba da farkon Disamba. Sanyi ya zo ya tarar da rassa duk yara. Ka samu inuwa, ka rasa 'ya'ya.

Maganin abin ba ya cin ko kwabo. Daga tsakiyar Oktoba ka janye ruwa daga babbar bishiya mai haihuwa. Ka tsaya da tsakar rana ka dubi inda inuwarta ta faɗi, ka ƙara taku biyu ko uku a bayan wannan, ka ja kunya ka kewaye. Cikin wannan da'ira kada a yi fangali, kada kwalbatin ruwa ya ratsa. In hanyar ruwanka ta bi ta gindin bishiya, ka karkatar da ita, ko ka sa tiyo a wannan gaɓar. Na san za a ce ai asarar wuri ce, fangali huɗu ko biyar sun tafi. To ka yi lissafi da kanka: kayan miyan da ke ƙarƙashin inuwa dama ba sa yin kirki, babbar bishiya ɗaya kuwa in ta kama sosai kwanduna take cikawa.

Yuriya ita ce babbar mai laifi. Aikinta ganye ne. Kada ta kusanci mangwaro daga Satumba har sai 'ya'ya sun kama. Takin mangwaro lokacinsa farkon damina ne, bayan an gama tsinka: takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe sosai, da kamfa gwargwadon girman bishiya, a zuba a zagaye a bakin inuwa a rufe da ƙasa, ba a jikin kututture ba. Malamin gona na KNARDA da ke yankinka zai faɗa maka awon da ya dace da shekarun bishiyarka.

Haka sara. Mai son rage rassa ya yi shi da zarar an sauke 'ya'ya, wajen Yuni ko farkon Yuli, ya cire busassu da waɗanda suka harɗe a tsakiya, ya kuma sare kauci tun daga inda ya kama. Wanda ya ɗauki adda a Nuwamba ya sare furensa ne tun bai gan shi ba, don a bakin reshe huda take fita, kuma kowane sara sabon toho yake jawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma a lura, wannan horo na manya ne. Dashen da bai kai shekara uku ba, kada ka hana shi ruwa da rani, zai mutu. Shi ganye muke so ya yi. Ɗan aure ma yakan yi rawar kai ya fitar da fure tun yana shekara ɗaya ko biyu, tsawonsa bai wuce ƙugu ba. Ka daure ka tsinke furen. In ka bar shi ya ɗauki 'ya'ya uku don marmari, ka tsumburar da shi. Ɗan aure yakan fara haihuwa ta sosai a shekara ta uku ko ta huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya kai shida ko fiye. Mai neman dashen aure mai asali ya nemi reshen Cibiyar NIHORT da ke Bagauda, ko ya bi ta hannun malamin gona.

Gane ido, da abin da wasu ke yi don gaggawa

Da sanyi ya kama, ka riƙa duba bakin rassa da safe. Idon fure yakan kumbura ya yi ƙiba, ya ɗan lanƙwasa kamar bakin aku. Idon ganye siriri ne mai tsini. Ba lallai bishiya ta buɗe gaba ɗaya ba. Sau da yawa gefe ɗaya ke fara yi, bayan mako biyu ko uku ɗayan ya biyo, wani lokaci har zubi uku. Iri ma ya bambanta: a lambu ɗaya za ka ga Binta Siga da Fafaranda da Juli da Fita kowanne da ranarsa. Kada ganin na wani ya buɗe ya sa ka yanke ƙauna da naka kafin Fabrairu ta fita.

Akwai kuma shekarar hutu. Bishiyar da ta yi lodi bara, musamman tsohuwa ta ƙwallo, takan rage bana ko ta ƙi sam, don ta ƙarar da abincin da ta tara. Wannan ɗabi'ar mangwaro ce har a Indiya, inda asalinsa yake, inda kuma aka fi ko'ina nomansa a duniya. Taki da sara a kan kari bayan tsinka suna rage abin, amma ba sa kawar da shi.

Wasu in sun gaji da jira sai su ɗauki gatari su sassare bawon kututture, wai don bishiya ta ji tsoro ta haihu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: yankan bawo yana tare abincin da ganye ya dafa ya hana shi sauka ga saiwa, sai ya taru a rassa. Amma saran gatari ƙofa ce ga gara da ƙwaron da ke huda itace da cutar da ke sa bishiya zubar da ƙaro ta bushe. Ribar shekara ɗaya ba ta kai bishiyar shekara ashirin ba. A ƙasar Filifin da hayaƙi suke turara bishiya kwana da kwanaki, har a farkon shekarun 1970 wani masani, Dokta Ramon Barba, ya gano cewa fesa gishirin fotashiyam naitiret yana tayar da huda. Dabarar ta canza noman mangwaro a can. Sai dai ba kowane iri ne yake amsa ta ba, kuma ko a can a kan reshen da ya ƙosa kaɗai take ci. Mu da Allah ya ba sanyin hunturu kyauta, gyaran ruwa da taki ya fi mana sauƙi.

Bayan fure ya buɗe

Zangarniya ɗaya tana ɗauke da ƙananan furanni ɗaruruwa, wata har dubbai. Mafi yawansu maza ne, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba, aikinsu ba da gari ne kamar bununin gero. Cikin sauran ma kaɗan ne ke kamawa, cikin masu kamawar kuma da yawa za su zube suna kamar ƙwayar wake. In zangarniya ta kai maka mangwaro ɗaya ko biyu ko uku har nuna, ta biya. Saboda haka ganin ƙasa ta yi shimfiɗa da busasshen fure ba abin tayar da hankali ba ne.

Masu yin barbara su ne ƙudaje da zuma da sauran ƙananan ƙwari. I, ƙudan nan da kake kora, shi ne babban ma'aikaci a kan furen mangwaro. Don haka kada a fesa maganin ƙwari a kan bishiya tana tsakiyar fure. Wannan ya shafi mai tumatir ƙwarai. Tun ɓarnar da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, hannun mutane ya saba da feshi, wani ma duk bayan kwana uku. In dole ne ka fesa wa tumatir, ka bari sai yamma lis, iska ta kwanta, ka kuma juya wa mangwaro baya. Kada a ƙona shara ko yayi a ƙarƙashin bishiya mai fure, wuta tana babbake shi, hayaƙi yana korar ƙwari.

Cutar da ta fi damun fure a sanyi ita ce mai kama da farar toka. Za ka ga zangarniya kamar an barbaɗa mata gari, bayan kwanaki ta yi baƙi ta bushe ba ta kama ko ɗaya ba. Tana son dare mai sanyi da raɓa, shi ya sa ta fi yawa a lambunan bakin rafi. Maganin farar wuta na feshi yana tare ta, in an yi shi zangarniya tana fitowa kafin furanni su buɗe, da sassafe ko da yamma. Kada a fesa shi rana tsaka, yana ƙona fure.

Ruwa kuma sai yaushe? Ka dakata har 'ya'ya su kama su kai girman ƙwayar gujiya. Daga nan ka buɗe kunyar ka shayar da bishiya sosai, ruwa mai ratsa ƙasa, bayan kwana 10 zuwa 14, ka rufe gindin da ciyawa ko ƙaiƙayi don danshi ya zauna. A nan ne ruwa ke da riba, don zafin Maris da Afrilu in ya haɗu da ƙishirwa shi ke zubar da 'ya'yan da suka fara girma. Daga fure zuwa ƙosawa wata uku zuwa biyar ne, gwargwadon iri. In saura mako biyu ko uku a tsinka, a rage ruwa don zaƙi ya taru.

Wane ruwa?

Wannan tambaya ta fi shafar mu fiye da mai lambu a Kadawa ko Bunkure da ke shan ruwan Tiga. Rafin Salanta da ya ratsa Sharaɗa yana ɗauke da ruwan da masana'antu suka zubar, ya kai shi Kogin Chalawa. A Bompai kuma rafin Getsi ne ke kwasa ya haɗe da Jakara har madatsar Wasai. Da damina ruwan sama yana surka shi. Da rani kuwa, daidai lokacin da 'ya'yan mangwaro ke neman sha, abin da ke gudu a rafin kusan duk na magudana ne, wani lokaci baƙi, wani lokaci shuɗi ko ja, ga wari.

Ruwan kamfanonin jima yana da gishiri mai yawa, don da gishiri ake adana ɗanyar fata, ga sinadaran tuge gashi, ga kuma kuromiyam da ake jima da shi. Mangwaro kuwa ba ya jure gishiri. Alamar farko ita ce bakin ganye da gefensa su ƙone kamar an kara musu wuta, sa'an nan ganye ya zube, ƙananan 'ya'ya su bi shi. A ƙasa za ka ga fari-fari kamar kanwa in ta bushe, ta daskare ta daina shan ruwa. Kuromiyam ba ya ruɓewa, taruwa yake a ƙasa shekara bayan shekara. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da ƙasar bakinsu da ganyen da ake nomawa da shi, suna samun irin waɗannan ƙarafa. Abin ya fi tsanani ga latas da alayyafo da kabeji, waɗanda ganyensu ake ci, wasu ma ɗanye. 'Ya'yanka ma daga wannan fangalin suke ci.

Wasu na cewa ai ruwan yana da taki, ganye yana yin kore da shi. Gaskiya ne yana ɗauke da dattin da ke sa ganye duhu, amma tare da gishirin da gubar yake zuwa, ba a raba su. Kuma ka riga ka ji abin da koren ganye ba a kan kari ba yake yi wa huda. In da hali, ku haɗa kai ku uku ko huɗu ku haƙa rijiya ko ku buga tiyubwel nesa da bakin rafi, a gefen tudu, a kai ruwan a auna kafin a dogara da shi, don rijiyar da ke dab da magudana ita ma tana tsotsa. Wanda ba shi da wata hanya sai rafi, aƙalla ya guji ranar da ruwan ya canza launi ko ya yi kumfa, kada ya jiƙa ganye da shi, kada ya wanke kayan kasuwa a ciki, kada kuma ya tsaya a ciki ba takalmin roba. In an ga ana sako ɗanyen ruwan masana'anta, ƙungiyar masu lambu tana iya kai kuka Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ko ofishin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don irin wannan aiki. Kukan ƙungiya a rubuce ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Ƙwari biyu da za a sa wa ido

Na farko farin ƙwaron nan ne mai kama da auduga da ke manne a bayan ganye, yana zubar da danƙo har ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya. Baƙo ne daga Asiya, ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980. Daga 1987 aka fara sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka kawo daga Indiya mai kashe shi, Cibiyar IITA ta yaɗa shi a ƙasashen yankin, ya kuwa rage ɓarnar ƙwarai. Feshin ganganci yana kashe wannan zanzaron kafin ya kashe ƙwaron.

Na biyu ƙudan 'ya'yan itace ne, mai sa ka yanka mangwaro lafiyayye a waje ka tarar da tsutsa a ciki. Irin da ya fi ɓarna yanzu an fara ganinsa a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Yana ƙaruwa ne da saukar ruwan farko, don haka iri mai nuna a makare ya fi shan wahala. Tsutsar daga mangwaron da ya faɗi take fita ta shiga ƙasa ta zama ƙuda. Ka sa yara su tsince duk wanda ya faɗi bayan kwana biyu-biyu, a zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakin tam, a ajiye a rana kwana uku ko fiye, ko a binne a rami mai zurfin da ya kai kamu ɗaya. In maƙwabtan lambu ba su yi ba, naka kaɗai ba zai isa ba, sai ku yi magana tun watan Maris ku sa ranar farawa tare.